KANGAYEN MARINA

Shafi na 19

*Masu aiko mini da saƙo kuna tambayar ko Bube zai tashi, ku bar ni haka nan, ni ma da ƙyar na iya rubuta wannan shafin. Wanda ya san ransa na saurin ɓaci ya nemi wuri ya zauna kafin ya fara.*

Bismillahi.

Hantsi ya ɗaga lokacin da Lauratu ta tsallake kwatar da ta raba kangayen marina da sauran garin Tambuwal, ƙwaryar fura a kanta. Tun da ta baro Kebbe neman yayanta Bube, ta iske shi yashe a nan cikin tsumma, wannan hanyar take bi kowace safiya. Hancinta ya saba da warin wurin, warin tsohon baba da ya ruɓe a rijiyoyin rini, da na fitsari, da na jikin da ya daɗe bai ga ruwa ba. Ta saba da shirunsa ma. Kullum maza ne jere a gindin rusassun banguna, ido rabi a rufe, ƙuda na yawo a leɓensu ba mai ɗaga hannu ya kore shi.

Yau babu shirun nan.

Nishi ne ke tashi ta ko'ina. Wani ya rungume cikinsa yana birgima a ƙasa. Wani ya zura kai cikin busasshiyar rijiya yana sheƙa amai. Wata mata da Lauratu ba ta taɓa jin muryarta ba tana buga goshi a bango tana kiran uwarta.

Namadi ta fara cin karo da shi. Shi ne babba a cikinsu, shi ke raba faɗa, shi ke nemo masu ɗaukar gawa in wani ya cika. A yaƙin da Kabawa suka harbi Bube a cinya, a nan shi ma ya baro hannunsa na dama.

"Namadi, lafiya? Annoba ta?"

Ya goge majina da kafaɗa. Ruwa na zuba daga idonsa, amma ba kuka yake ba.

"Ba annoba ba ta. Ƙaro anka yanke muna."

Baƙin ƙaro ke nan, wanda Larabawan da ke kawo shi ta hamada suke ce wa afiyun. Wanzamai ne suka fara ba mayaƙa ɗan mitsitsi su haɗiye kafin a tsaga a ciro kibiya, mutum ya yi ta barci ana yankar namansa. Rauni ya warke, ƙaro ya ƙi sakin mutum. Da wanda ya sayar da dokinsa, da wanda ya sayar da gonarsa, da wanda dangi suka gaji suka rufe masa ƙofa, duk nan suka tare, a unguwar da masu rini suka tashi suka bari.

Lauratu ta wuce shi da sauri ta nufi bukkar zanar da ta kafa wa yayanta da hannunta.

Bube na kwance a kan buzu, gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma haƙoransa na haɗuwa kamar wanda aka tsamo daga kogi. Ƙafarsa mai tabo sai harbin iska take yi. Mutumin da a da yake ɗaukar damin dawa da hannu ɗaya a gonarsu ta Kebbe, yanzu ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa.

"Yaya, ga fura."

"Lauratu." Ya kamo hannunta. "Ki taimake ni. Ko kan tsinke na."

"Fura nik kawo maka."

"Ƙashina ka fashewa. Wallahi awa ana daka ni cikin turmi."

"Sha ko kaɗan."

Ya ture ludayin, furar ta zube a zanenta. Idonsa ba a fuskarta yake ba, a kan awarwaron hannunta yake, na azurfa, wanda mahaifiyarsu ta bar mata. Ta ga inda yake kallo, shi ma ya ga ta gani. Bai ji kunya ba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Ko na ba ka shi, wa za ka kai ma?" ta ce. "An ce an yanke."

Namadi ya tsuguna a bakin bukkar.

"Ba yankewa kaɗai ba ta, ɗiyar Kebbe. Jiya mai shela ya bi kasuwa. Yac ce dut wanda la'asar ta yau tat tarar cikin kango, a fidda shi bayan ganuwa, a sa ma bukkoki wuta."

"Bayan ganuwa? Mutanen da ba su iya miƙewa?"

"Kuraye sun iya miƙewa ai. Mahara ma haka."

"Wa yak kai ƙara?"

"Ɗangiwa."

Lauratu ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ɗangiwa babban attajirin unguwar ne, mai fataucin goro da kanwa, kuma aminin mahaifinsu tun suna samari. Gidansa ta fara zuwa da ta sauka Tambuwal. Ya yi wa mahaifinta addu'a har da ƙwalla, ya ba ta goro, ya rantse mata bai san inda Bube yake ba.

"Baba Ɗangiwa mi ya haɗa shi da ku?"

Namadi ya yi wata dariya da ta koma tari.

"Ke kam kin daɗe nan ba ki san komi ba. Kina ganin ƙaron ga daga sama shika faɗowa? Ƙofar baya ta gidanai, wadda ke kallon kwata, nan muka amsa. Takobina shina can. Sirdin yayanki shina can."

Ta juya ga Bube. "Gaskiya ta?"

Bube ya juyar da fuska bango.

"To don mi za shi yanke, in shi ka sayarwa?"

"Ya gama tatsa," in ji Namadi. "Ba mu da sauran abin kaiwa. Yanzu filin shika so, za shi gina zango ma raƙuman baƙinai. Ya yanke ƙaro don mu haukace mu faɗa ma akuyoyin mutane, gari shi tsane mu. Ya ko samu."

Lauratu ta miƙe. Ta gyara lulluɓinta, ta ƙara tamke zanenta da furar ta ɓata.

"Ina manyan unguwa suke?"

"Ƙofar Mai'unguwa Jumare. Amma mace ba ta..."

Ba ta tsaya jin sauran ba.

* * *

A ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gidan Jumare dattawa sun baje a kan tabarmi. Samari majiya ƙarfi na tsaye a gefe da sanduna, ga damman karan dawa an jingine, na kunna wuta. Ɗangiwa na zaune a kan buzun rago kusa da mai'unguwa, rawani fari tas, carbi na gudu a yatsunsa.

Lauratu ta tuɓe takalma daga nesa, ta durƙusa.

"Salamu alaikum. Ranka shi daɗe."

Aka amsa mata a daƙile. Jumare ya ɗago ya dube ta.

"Ɗiyar wa ta?"

"Ɗiyar marigayi Ibrahimu na Kebbe," in ji Ɗangiwa da murya mai laushi. "Aminina na. Lauratu, mi kika yi nan cikin maza?"

"Wurin mai'unguwa niz zo, Baba."

Jumare ya ce, "Faɗi abin da ke tafe da ke."

"Ranka shi daɗe, na ji an ce za a fidda mutanen kango bayan gari. Na zo roƙon a dakata. Ba su da lafiya. Rabinsu ba su iya tsayuwa."

"Sun iya tsayuwa in sata ta kama," in ji wani dattijo mai furfura daga gefe. "Akuyata mai ciki sunka yanka shekaranjiya."

"Butocin masallaci ma ba su bari ba," wani ya ƙara.

"Matanmu ba su zuwa rijiya sai da rakiya," in ji Jumare. "Ɗiyata, ba ƙeta ba ta. Mun yi haƙuri har mun gaji. Kowane gari shina turo muna nashi mahaukata, Jabo, Sanyinna, har ku can Kebbe. Mu kaɗai za mu ɗauka?"

"Gaskiya kunka faɗi. An yi sata, kuma sata ba ta da kyau. Amma ina tambaya."

"Yi."

"Ranar da anka buga tambari, anka ce Kabawa sun taso, wa yat tafi?"

Dattawan suka dubi juna.

"Namadi da hannu biyu yat tafi. Yayana da ƙafa lafiya yat tafi. Kun raka su har ƙofar gari da addu'a, mata na guɗa. Akuyar da kaka magana, Baba, da ba su tare ba, da yanzu tana Kabi, da kai da ita."

Dattijon ya kawar da fuska gefe.

"Sunka dawo da rauni, anka ɗura musu abin da ba su roƙa ba. Da yak kama su, kowa ya janye tabarmatai. Ba wanda yac ce a nemo musu magani. Ba wanda yac ce a ba su ko zaure guda su fake. Damina ta yi musu a kango kuna ji kuna gani. Wanda yam mutu, 'yan uwanai masu layi ka jan shi zuwa kabari, ko liman ba ya zuwa. Yau kuma wuta."

"Ki iya bakinki," in ji wani saurayi mai sanda.

Jumare ya ɗaga masa hannu. "Ƙyale ta. Ɗiyata, mun ji. Amma abin da ka ci musu rai ba mu munka kawo shi ba."

"To wa yak kawo shi?"

"Allah kaɗai ya sani."

"Allah ya sani, kuma mutum guda cikin zaman ga ya sani."

Carbin hannun Ɗangiwa ya tsaya.

Lauratu ta juya ta fuskance shi.

"Baba Ɗangiwa, ƙofar bayan gidanka mai kallon kwata, mi aka sayarwa nan?"

Abin da ya ba ta mamaki, ba wanda ya zabura. Wannan ya sunkuyar da kai, wancan ya shiga gyaran bakin tabarma, Jumare ya kama tsefe gemu. A nan ta gane ba labari ta kawo musu ba. Sun sani, tun tuni.

Ɗangiwa ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya tauna a natse.

"Magani nika sayarwa. Wanzamai sunka nema, nik kawo. Da ba don shi ba, da yayanki ya mutu ranar da anka ciro mai kibiya. Ba ki gode min ba."

"Kibiyar ta daɗe da fita."

"Wanda yam maida magani tuwo, laifin mai magani na? Ina sayar da wuƙa ma. In wani ya yanka kainai sai a kama ni?"

"Mai wuƙa ba ya amsar sirdin mutum ta ƙofar baya."

"Na taɓa zuwa kango nik kira wani? Da ƙafarsu suka zowa. Suna kuka suna roƙo. In hana su ku ce ban da tausayi, in ba su ku ce na kashe su."

"Ka kalli idona kac ce ba ka san inda Bube shike ba."

"Sirrinai nir rufa. Kin so in ce miki ɗan Ibrahimu shina kwance cikin kashinai?"

Wasu suka gyaɗa kai. Lauratu ta dube shi ido cikin ido.

"Ubana ya ci da kai a akushi guda. Sa'ad da 'yan fashi sunka tare ayarinka, kad dawo ba ko riga, wa ya ba ka jakin da kat tashi da shi? Ɗan mutumin nan kaz zauna kana tatsa har ƙashi. Yanzu da ba sauran nama, kana son filin da shika kwance ka ɗaure raƙuma. Raƙumi ya samu rumfa, ɗan Musulmi shi kwana da kura."

"Subhanallahi," in ji wani a hankali.

"Wa yaf faɗa miki zancen raƙuma?" Jumare ya tambaya.

"Ƙarya ta, ranka shi daɗe?"

Jumare ya saci kallon Ɗangiwa.

"To shi ke nan," ta ce. "Tunda nan ba mai ji, gidan alƙali za ni. In tsaya ƙofatai in yi ta faɗi har shi fito. Akwai masu shaida cike da kango. In ya ce haram na abin da aka sha, sai shi faɗa muna hukuncin mai sayarwa."

Ta yunƙura za ta tashi.

"Lauratu."

Muryar Ɗangiwa ce, a tausashe, kamar uba na lallashin 'yarsa.

"Jama'a ku yi mata uzuri, zafin ɗan'uwa na. Zo nan, ɗiyata. Zo ki amshi goro, ki bar fushi."

"Ba ni so."

"Zo dai. Akwai saƙon da za ni ba ki, ba na kunnen jama'a ba na."

Ta matso da gwiwa har gaban buzunsa. Ya miƙo mata ɓarin goro yana murmushi, wanda duk ya hango zai ce sulhu ake yi. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Tafi gidan alƙali. Ni ma ina zuwa. Amma da yayanki za mu, kuma shi za a fara tambaya."

"Tambayar mi?"

"Ina Ummu take."

Ummu 'yar Bube ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Uwarta ta rasu tana goye, Lauratu ce ta yaye ta, ta goya ta har ta yi wayo, kafin aure ya ɗauke Lauratu daga gida. Da ta iske Bube a kango, Ummu ta fara tambaya. Ya ce ya kai ta Jabo wurin dangin uwarta, tana can lafiya lau har ta fara tallan gyaɗa.

"Tana Jabo," in ji Lauratu.

"Haka yac ce miki?"

Ya sa mata goron a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Sannan ya ɗaga murya.

"Allah shi yi miki albarka. Gaishe da mutanen Kebbe."

Ba ta san yadda ta tashi ba. Ta dai ji Jumare a bayanta yana cewa samari su shirya, ba sai an jira la'asar ba, tunda magana ta fara yawa. Takalmanta ma a nan ta bar su.

* * *

Da gudu ta tsallake kwatar. Namadi ya tare ta yana tambayar yadda aka yi, ta ratse shi ta faɗa bukkar.

Bube ya dunƙule wuri ɗaya, gwiwa a ƙirji.

"Kin samo?"

Ta jefar da goron a ƙasa.

"Yaya, ina Ummu?"

Rawar da jikinsa ke yi ta tsaya cak.

"Na faɗa miki. Jabo."

"Gidan wa?"

"Gidan... kawunta."

"Wane daga ciki?"

Ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa.

"Tashi ka dube ni."

"Lauratu, ba ni da lafiya."

"Na sani. Ni ka wanke ka, ni ka kwashe amanka. Na bar ɗakina na bar gonata. Yanzu nit tsaya gaban manyan gari nib bar mutuncina can saboda kai. Ka dube ni ka faɗa min ina yarinyar da nig goya."

Ya fara kuka, irin kukan da ba sauti sai kafaɗa.

"Ba ni cikin hankalina."

"Ina take?"

"Da farko aiki na kaɗai. Nic ce ta zauna gidanai tana shara, tana ci tana sha. Ya fi mata kango. Wallahi ya fi mata."

"Gidan Ɗangiwa."

"I."

Lauratu ta dafe bango. Ranar da ta durƙusa a zauren gidan nan tana karɓar goro, ashe Ummu na ciki, bango ɗaya ne tsakaninsu.

"To tashi. Ko da jan ciki na, tashi mu tafi ka amso ta gaban mutane."

Bai motsa ba.

"Yaya."

"Ba ta can."

"Ƙaƙa ba ta can?"

"Balaraben da ka kawo mai ƙaro ya gan ta. Yac ce shina so."

"Shina so mi? Ɗiya ta, ba baiwa ba, ɗiyar Musulmi. Ba mai sayar da ita, ba mai saye. Ko Ɗangiwa bai isa ba."

"Shi ya sa anka kira ni."

Namadi da ke tsaye a bakin bukkar ya juya baya, kamar ba ya son jin abin da ke zuwa.

"Ranar na kwana biyu ban samu ba," in ji Bube. "Awa halin da nike ciki yau. Ɗangiwa ya aje ƙaron gabana a kan faifai, dunƙule guda, ban taɓa ganin mai girma nai ba. Ga shaidu zaune. Yac ce kalma guda za ni faɗi."

"Wace kalma?"

"Lauratu..."

"Wace kalma?"

"Nic ce ba ɗiyata ba ta. Nic ce wurin yaƙi nik kamo ta. Baiwa ta."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Tana wurin?"

Ya gyaɗa kai.

"Ta ji ka?"

"Ta ce Baba. Sau ɗaya ta faɗi. Anka ce haka bayi ka kiran ubangijinsu."

"Kai kuma?"

"Nid ɗauki faifan."

Lauratu ta ɗaga hannu. Tun da take ba ta taɓa ɗaga wa yayanta hannu ba, shi ne ya goya ta zuwa gona, shi ne ya sassaƙa mata allonta na fari. Hannun ya tsaya a sama, sannan ta sauke shi, ta damƙe bakin zanenta.

"Da kai da Ɗangiwa da shaidun, da dattawan da sunka sani sunka yi shiru, Allah shi isam mata. Ba ni ba, ita."

Ta juya ga Namadi.

"Kai ma ka sani."

"Na ji a bakin mutane. Ban da ƙarfin faɗa miki."

"Ina Balaraben shike?"

"Zangon ƙofar arewa. Amma ɗiyar Kebbe, tun asuba suka ɗaurin kaya. Ba ki ji ganga ba?"

Ta kasa kunne. A ƙarƙashin nishin mutanen kango akwai wani sauti da tun ɗazu yake shiga kunnenta ba ta kula ba. Gangar madugu ce, wadda ake bugawa in ayari ya ɗaga. Kuma ba matsowa take yi ba, nisa take ƙarawa.

"In kin bi ta bayan masallaci kina iya cim musu kafin su ƙetare fadama," in ji Namadi. "In sun ƙetare, sai dai..."

Ihu ya katse shi. Daga bakin kwata hayaƙi ya turnuƙe, baƙi, mai kauri. Samarin Jumare sun iso. Bukkar farko ta kama, zana busasshiya, wutar ta yi tsalle ta kama ta biyu. Masu iya tashi suka fara rarrafe suna faɗuwa, sanduna na sauka a bayansu. Matar nan mai buga goshi a bango ko motsi ba ta yi ba.

Namadi ya ruga wajenta da hannunsa ɗaya.

Iska ta kaɗo hayaƙin zuwa bukkar Bube. Lauratu ta sa ƙafa waje, fuskarta na duban arewa, sai ta ji an riƙe ta.

Bube ne. Ya jawo jikinsa har bakin ƙofa, ya damƙe idon sawunta da hannu biyu.

"Ba ni iya tashi. Lauratu, don darajar Inna, kar ki bari su ƙone ni."

Ta dubi wutar, bukka uku ce tsakaninsu. Ta saurari gangar, da ƙyar ake jin ta yanzu.

Ta dubi hannuwan da ke riƙe da ƙafarta.

Sannan ta sunkuya, ta fara ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.